Kamfaninmu zai koya mana tattalin albashi, in je ko in yi zamana?

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina aiki a wata masana'anta a Bompai, Kano. Jiya aka liƙa sanarwa cewa ranar Asabar za a kawo masu horarwa su koya mana tattalin kuɗi, kyauta, kowa ya zo da takardar albashinsa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Albashin da ba ya ganin ashirin ga wata, me za a koya mini a kansa? Ga shi Asabar ce ranar da nake ɗan taɓa haya da adaidaitar wana, ga bashin wata manhajar waya da ya shaƙe ni. In je ko in yi zamana?

Baba Mai Ritaya: Wa'alaikumus salam. Ɗana, je ka, amma kada ka je sauraro kawai, tafi da tambaya. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba duka a asusunka na ritaya. Kafin Asabar ɗin ka nemi bayanin asusun daga kamfanin fanshonka, ka jera shi da takardun albashi wata bayan wata. Ni sai da na zo ajiye aiki na gano an yi wata goma sha huɗu ana cirewa ba a zubawa. Da a shekarar farko wani ya zaunar da ni ya nuna mini wannan, da ban ci ƙasan takalmina wajen zarya ba. In ka ga giɓi, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ake kai wa ƙorafi.

Ɗan Kurna: Baba, a gafarce ni, ciwon ba a nan yake ba. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 aka mayar a 2024, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30. Wane darasi ne zai sauko da buhun shinkafa? Su ƙara albashi su riƙe laccarsu.

Maman Walida: Ɗan Kurna, ba ka yi ƙarya ba, amma ƙaurace wa zaman ba zai ƙara masa ko sisi ba. Malam, an yi mana irinsa a ofishinmu a Kaduna. Awar farko ta yi amfani, daga nan masu horarwar suka rikiɗe 'yan tallar bashin albashi, har da fom a hannu. Kada ka sa hannu a komai ranar, ko da an ce tayin yau ne kaɗai. Takardar albashinka kuma ka duba abarka, kada ka bari a ɗauki hotonta. In kana gudun riba, tambaye su yadda ake komawa Fund VI, asusun fansho marar kuɗin ruwa. Mu ba su ambace shi ba sai da wata ta ɗaga hannu.

Akawu: A ƙara da inshorar rai. Doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci ta aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Tambayi ko an yi muku, ka kuma duba sunan wa ka rubuta a matsayin magaji. Wasu har yau sunan mahaifin da ya rasu ne a fom ɗinsu. Bashin manhajar nan kuwa, in kuna da ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, nemi rance a can ka kashe shi gaba ɗaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Zan bar wa wana kekensa wannan Asabar ɗin. Baba, layin da na yi rajistar fansho da shi ya ɓata tun bara, shi ya sa saƙonsu ba ya shigo mini. Ofishinsu zan je?

Baba Mai Ritaya: Je ka ofishinsu da lambar asusunka da katin NIN, a canza layin. Ka yi sammako, ranar Juma'a layi ake yi.