Neman shawara kan wuƙar da ta ƙi riƙe kaifi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni mai tsire ne a Agege, kuma kullum da asuba nake ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba. Wata biyu da suka wuce na sayi wuƙa ta intanet, wadda mai sayarwa ya ce ƙarfenta ba ya tsatsa, na haɗa da dutsen washi mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi (lamba 1000), ɗaya mai santsi (lamba 6000).

Ina jiƙa dutsen a ruwa har kumfa ta daina tashi, sannan in kwantar da bakin wuƙar kamar digiri 15 zuwa 20, in fara da fuska mai kaushi, in gama da mai santsi. A lokacin tana aske gashin hannuna, amma kafin in gama fere cinya ɗaya ta dakushe, sai ta riƙa jan nama tana yage shi, alhali tsire yana son yanka mai faɗi kuma siriri. Na kuma lura tsakiyar dutsen ya fara lotsawa, abin da ban taɓa gani ba a dutsen mahaifina a gida.

Shin laifin hannuna ne, ko lotsawar dutsen ce, ko ƙarfen ne mai laushi? Idan kuma ƙarfen ne, ta yaya mutum zai gane wuƙar kirki daga hoto kafin ya tura kuɗinsa? Ina roƙon mahauta da maƙera su taimaka mini. Allah Ya saka da alheri.