Na jona taransifoma da batir sai hayaƙi, ina kuskurena?

Sani_TudunWada:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina koyon gyaran kayan wuta a wani shago a Tudun Wada. Jiya dabara ta zo mini, na ce bari in haɗa wa kaina fitilar ko-ta-kwana. Akwai wata 'yar taransifoma da na saya a Panteka, an rubuta bolt 230 a gefe ɗaya, bolt 12 a ɗayan. Na ce tunda tana sauke 230 zuwa 12, in na juya ta ai 12 za ta haura 230. Na ciro batirin mashin ɗin yayana na jona a gefen 12, na ɗaura ƙwan fitila a ɗaya gefen. Ƙwan ya yi wal sau ɗaya, shi ke nan. Kafin minti guda ɗaki ya cika da ƙauri. Da na fizge wayar sai ga tartsatsi, har ta ja ni a yatsa.

Wani abin ɗaure kai kuma: na auna turjiyar gefen 230 da mita, wato yadda wayar ke tare wuta, om 40 kacal. A lissafin da aka koya mana, 230 a raba da 40 kusan amp 6 ne. To me ya hana ta ƙonewa a wutar Nepa? Maigidana ya tafi Zariya ta'aziyya, kuma gaskiya kunyar tambayarsa nake ji.

Malam_Idi_Kawo:
Wa alaikumus salam. Sani ɗana, tunaninka bai karkace ba, taransifoma tana aiki ta kowane gefe. Abincin da ka ba ta ne ba nata ba.

Naɗin waya biyun da ke cikinta ba su taɓa juna. Maganaɗisu ne ɗan aike tsakaninsu, shi kuma ba ya kai saƙo sai yana canzawa. Michael Faraday ya gano haka a Ingila a 1831: yana jona batir allurar awonsa ta motsa, ta koma ta kwanta, yana cirewa ta sake motsawa. Wal ɗin ƙwanka ke nan. Wutar batir hanya ɗaya take bi, da maganaɗisun ya cika sai ya tsaya cak. Ta Nepa kuwa kai-da-komowa take yi, sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ɗan aiken ba ya hutawa.

Batun om 40, mitarka turjiyar wayar jan ƙarfe kaɗai ta gani. Naɗi yana da wata turjiyar ta biyu wadda ba ta fitowa sai wuta tana canzawa, domin shi da kansa yake haifar da ƙarfin da ke tunkuɗe wutar da ke shigowa. Lissafinta: 6.28 sau yawan kai-da-komowa sau girman naɗin a ma'aunin henri. A ce naka henri 10 ne, 6.28 sau 50 sau 10 ya ba ka om 3,140. Raba 230 da wannan, ko kashi ɗaya cikin goma na amp bai kai ba. A batir kai-da-komowar sifili ce, turjiyar nan ma sifili. Gefen 12 kuma waya ce mai kauri, gajeriya, da wuya ta kai om ɗaya. Kusan kamar ka haɗa kan batirin biyu da sifana ne.

Garba_Bakanike:
Hhhh Sani, ka gode Allah ƙarama ce. Tartsatsin da ya ja ka shi muke ci da shi a gareji. Koyil ɗin mota ai batir 12 yake sha, amma ana katse masa wuta farat ɗaya sai ya watso dubban bolt zuwa fulogi. Naɗi ba ya son a yanke masa wuta bagatatan, ramawa yake yi. Inbata ma wayon ke nan, kunnawa da kashewa take yi da sauri har taransifoma ta yarda.

Hauwa_Barnawa:
Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Ƙanena, in za ka sake naɗa ta, ƙirga zagayen yayin da kake warwarewa. In gefen 230 zagaye 1,150 ne, kowane bolt na cin zagaye 5, gefen 12 zai zama 60. Kuma kar ka sa rai da riba: in bolt ya ninku kusan sau 19, amp zai ragu sau 19. Dalilin da ya sa ake ɗaga wuta zuwa bolt 330,000 kafin ta taso zuwa tashar Mando ke nan, amp kaɗan ba ya ɓata wuta a zafin waya. Daga nan a riƙa saukewa har ta iso taransifomar unguwa a 11,000. Siraran fallayen ƙarfen cikinta kuma kar ka kankare musu fenti, shi ke hana wuta zagayawa cikin ƙarfen ta dafa shi.

Sani_TudunWada:
Allah ya saka da alheri, Malam, Aunty Hauwa na gode. Na fara warwarewa, na kai zagaye 37 ƙanwata ta yi mini magana na ɓata lissafi. Oga Garba, batirin fa tun safe ya ƙi tayar da mashin, yayana kuma ya ɗauka fulogi ne. In na kawo maka caji, nawa ne?