Gyaran kizin a tsohon gida da hannunmu, wa ya taɓa yi?

Maman Hanifa, Mokoyo: Salamu alaikum jama'a. Kizin ɗin gidan tsohonmu muke son gyarawa ni da ƙannena, ba kuɗin ɗaukar maso gaba ɗaya. Ginin laka ne, sama azara da kwano, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin icce. Ina son karo (tayil na daɓe) a ƙasa da pampo ciki da wurin aje gaz. Ta ina zamu fara?

Baban Walid: Hajiya ki bar zancen karo tukuna, ki sa a hau sama a duba azara. Namu a Bagalam daga ƙasa lafiya lau kike ganinsu, ƙanena ya soka wuƙa sai ta shige, ashe gara ta cinye cikin, kuɗin da munka tara ma karo duk a kan rufi sunka ƙare.

Hajiyar Zariya: Gaskiya ne. Kuma kar ki yarda a shafa siman kai tsaye bisa laka, ba ya kamawa, damina ɗaya sai ya kumbura ya faɗo ɓawo ɓawo tunda laka na shan laima shi kuwa siman ya hana ta fita. Mu ƙusoshi munka kafa munka ɗaura ragar waya kafin yaɓe, gindin bangon kuma munka zagaye shi da birki layi biyu, har yau shiru. Kunkunniya kuwa sai an kankare ta tas, fenti ba ya zama bisa kanta, kwana kaɗan baƙin ya sake ɓullowa. Ni farar ƙasa ma na fi so, ga arha ga sauƙin sabuntawa gab da sallah.

Baban Walid: Sannan ki jira damina ta wuce, watan takwas ba lokacin fasa bango ba ne a Maradi. Siman ko na Malbaza ko wanda ke shigowa ta Dan Issa, ki latsa buhun tun a shago, in kin ji duwatsu ciki ya sha laima.

Maman Hanifa: To pampon fa yaya? Shi ne ya fi damuna wallahi, na gaji da ɗaukar bokiti daga tsakar gida.

Ɗan Gulbi: Yaya nan kam ki biya mai sana'a, kwana ɗaya ne. Tiyo in ya yi yoyo cikin bangon laka ba ki sani sai bango ya zauna. Mu a waje munka bi da shi, da muni amma ana gani. Wayar kuran (wutar lantarki) ma haka, in tsohuwa ce a canza. Gaz kuma kusa da taga, a buɗe wata ƙaramar kafa ƙasa ƙasa don shi ƙasa yake kwanciya in ya zuba.

Hajiyar Zariya: Kuma ki bar ma tsohuwa murhunta a waje, tuwon gidan biki ba a tuƙa shi bisa gaz.

Maman Hanifa: Hhh ai Inna ta riga ta ce ba mai taɓa mata duwatsunta. Gobe zan sa Auta ya hau ya duba azarar.