Haƙorin da ba ya ciwo, sai an kai shi wurin likita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mutum yana goge baki safe da dare, babu inda ke masa ciwo. Me zai kai shi wurin likitan haƙori?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ai ciwo a makare yake zuwa. Ɓawon haƙori na waje ba shi da jijiya, don haka rami kan yi watanni yana ci ba a sani ba. In likita ya gan shi yana ƙarami, ciko kawai zai yi. In kuwa ya kai ga jijiya, har zogi ya hana barci, sai dai a kwashe jijiyar ko a cire haƙorin.

Amsa ta 2: Ni dasashi na fi ji wa tsoro. Dauɗar da ta maƙale a gindin haƙori takan daskare ta yi tauri, buroshi ba ya iya fitar da ita, sai na'urar likita. In an bar ta, dasashi ya kumbura, ka tofar da kumfar man goge baki ka ga jini-jini, daga nan ƙashin da ke riƙe haƙorin ya fara zaizayewa. Shi kuwa in ya tafi ba ya dawowa. Likita kan auna zurfin ratar da ke tsakanin dasashi da haƙori: milimita 1 zuwa 3 lafiya lau, daga 4 akwai gyara.

Amsa ta 3: Yawanci duk wata 6 ake zuwa. Masu ciwon suga da masu shan taba kan buƙaci duk wata 3. Gyambon bakin da ya wuce mako 3 bai warke ba kuma, don Allah a kai shi nan take.