Deadlock da Hausa: cirko-cirko ko kiki-kaka?

Jama'a, a taimaka a tsayar mana da kalma guda. Muna rubuta darasin Java, wani yaren rubuta manhaja, da Hausa don matasan ƙauyukan Ringim masu koyon haɗa manhaja, to deadlock ta hana mu wucewa.

An fara kawo "daskarewa", ni ban karɓa ba. Daskarewa abin da mai waya ke gani ne kawai. Android kan fito da saƙon cewa manhaja ba ta amsawa idan an taɓa allo aka yi daƙiƙa 5 shiru, kuma dalilan suna da yawa: intanet mai jan ƙafa, lissafin da ke ta kewaye ba ƙarshe, ko ita wannan cutar.

Ga yadda take. Manhaja kan raba aikinta gida-gida, kowanne na tafiya a lokaci guda. Waɗannan mun kira su zare, ba wanda ya yi gardama. Don kada zare biyu su taɓa bayani ɗaya tare, sai a sa masa makulli. Zare na farko ya riƙe makullin A yana jiran B, na biyu ya riƙe B yana jiran A. Kamar amalanken shanu biyu ne suka yi kiciɓis a ƙuntataccen burtali, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja da baya.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa, ya ce kiki-kaka. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar ta yi daɗi, amma a kunnena kiki-kaka akwai motsi da ja-in-ja a cikinta. Kuma akwai cutar da ta fi dacewa da ita, livelock: zaren na saki suna sake kamawa, suna ta kauce wa juna, aiki bai ci gaba ba. Cirko-cirko kuwa tsayuwa ce cak, kowa ya kafe, shi ya sa nake ganin ita ta dace da deadlock.

Mai gyara na buƙatar bambancin nan. Manhaja ta daskare, fara duba aikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. In ya yi sama, waya har tana zafi, nemi kiki-kaka ko kewaye marar iyaka. In ya kwanta kusan sifili, zargi cirko-cirko, ka sa jstack, manhajar binciken zaren Java. Zai zayyano kowane zare da makullin da ya riƙe da wanda yake jira, sau da yawa ma ya faɗa maka ƙarara ya gano ta. Masu rubutu da yaren C su shiga gdb, manhajar gano kurakurai, su buga thread apply all bt.

Tun 1971 masanin kwamfuta Coffman da abokan aikinsa suka lissafa sharuɗɗa 4 da sai sun haɗu deadlock take faruwa. Wanda aka fi saurin karyawa shi ne jiran da ya zagayo: a sa doka kowane zare ya ɗauki A kafin B, magana ta ƙare.

Malam ya dawo ya ce a wajensu carko-carko suke cewa. Ranka ya daɗe, duk ɗaya ne, za mu sa biyun a darasin.

Saura race condition, inda sakamako ke dogara da wane zare ya riga wani, irin wadda ta kashe ƙararrawar gargaɗi a ɗauke wutar 2003 a Amurka da Kanada. An kawo rige-rige. Akwai mai ja?