Zogalen Sin ya fi na gida magani ne?

Ɗan Mafara:
Assalamu alaikum. A kasuwar Gusau ana sayar da ƙwayoyin zogale a kwalba mai rubutun Sinanci, wai maganin gargajiyarsu ne. Da gaske tun kaka da kakanni suke magani da shi? Kuma ya fi tamakka, wato zogalen da ke bayan gidajenmu?

Malam Mai Saiwa:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Itace ɗaya ne, kwalbar ce ta bambanta. Asalinsa arewacin Indiya, kuma masu maganin Indiya ne suka daɗe da shi. Sinawa na ce masa "lamu", wato itace mai yaji. A wurinsu baƙo ne: sai 2012 ma'aikatar lafiyarsu ta amince da ganyen, shi ma a matsayin sabon abinci, ba magani ba. A kudu mai zafi suke nomansa, irin su Yunnan da Hainan, suna yin shayi da gari.

Hajiya Inna:
Gaskiyar Malam. Inda aka fi mu shi ne wajen shanya. A tsinke ganye, a wanke, a baza shi sama-sama kan tabarma a inuwa mai iska, kwana 3 ko 4, ana juyawa. Rana na kashe korensa, ta tafi da sinadaransa. In aka tara shi da kauri, musamman da damina, sai ya yi baƙi ya yi fumfuna. Wannan zubarwa ake yi. Idan ya bushe har ya fara marmashewa a hannu, a daka, a tankaɗe, a rufe a kwalba. Rabin ƙaramin cokali ake farawa da shi a kunu, bayan an sauke daga wuta. Wanda ya fara da babban cokali, shi da bayan gida ne ranar.

Malam Mai Saiwa:
Hajiya, a ƙara da gargaɗi kan saiwa da ɓawo. Akwai guba a ɓawon saiwar, kada a jiƙa a sha, mai juna biyu kuwa ko kusa. Ganyen kan rage suga, don haka mai shan maganin suga na metformin ko allurar insulin ya tuntuɓi likita tukuna. In suka haɗu suga na iya faɗuwa: jiri, zufa mai sanyi, karkarwa. Masu maganin hawan jini ma su yi hattara. Kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda zogale.

Ɗan Mafara:
Allah ya saka da alheri. To iri fa, wanda ake taunawa?

Hajiya Inna:
A ɓare, ɗaya ko biyu ya isa. Yana sakin ciki sosai.