Haraji ko 'Yanci? Gardamar Zauren Gidanmu Kan 1776

Kawu: Salamu alaikum 'yan gida. Auta, na ga hoton da ka ɗora, tutar Amurka har da rubutu wai 4 ga Yuli ranar da 'yanci ya yi nasara. Wane 'yanci? Attajirai ne aka ce su biya haraji suka ƙi, suka tura 'ya'yan talakawa bakin daga. Ni ɗan kasuwa ne, ina gane kukan ɗan kasuwa ko da an sa masa babbar riga.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya ƙara girma, amma takardar shelar 'yancin kansu daga Ingila ta 1776 cewa ta yi an halicci mutane duka daidai.

Kawu: To duba sunan da ya fi kowanne girma a ƙasan takardar, John Hancock. A 1768 kwastan suka kama jirginsa a Boston bisa zargin fasa-ƙwaurin giya. Ga kuma batun shayi. Dokar 1773 ba ƙara wa shayi kuɗi ta yi ba, araha ta sa ya yi, don an bar kamfanin East India ya kawo kayansa kai tsaye. Amma a Disambar shekarar suka hau jirage uku da dare suka juye akwati 342 a teku. Wa ke zubar da kaya don ya yi araha, in ba wanda arahar za ta karya wa jari ba? Masu shigo da shayin Holan ta bayan fage ne.

Malama: Yaya, ai da hannunka ka miƙo min sanda. Da kuɗi ne damuwar, da jama'a sun sha shayinsu mai araha sun yi shiru. Harajin da ke kansa kwabo uku ne a kan kowace laba. A 1770 majalisar Landan ta soke harajin gilashi da fenti da takarda, ta bar na shayi shi kaɗai da gangan, don kada a ce ta saki ikonta. Ranar da ta janye dokar harajin hatimi kan takardu a 1766 ma, ranar ta yi wata dokar cewa tana da ikon yanke musu hukunci a kan komai. Su kuwa mutanen Bajiniya, ɗaya daga yankunan Ingila a Amurka, tun 1619 suke da majalisarsu a Jamestown. Kusan shekara 150 wakilan da suka zaɓa ke yanka musu haraji, sai rana ɗaya majalisar da ba su da kujera ko ɗaya a cikinta ta ce ita za ta yanka.

Kawu: Bashin da ke kan Ingila ya kai kusan fam miliyan 130 bayan yaƙin da ta gama da Faransa a 1763, kuma har da su aka kare. A ci da kai, a biya ban da kai?

Barista: Kawu, in sa baki. Takardar nan ƙorafi 27 ta jera wa Sarki Joji na Uku, haraji layi ɗaya ne a ciki. Sauran su ne rushe majalisu, jibge soja a gari ba yaƙi, alƙalan da albashinsu ke hannun sarki, da hana mutum shari'a gaban 'yan uwansa masu taya alƙali. Bayan zubar da shayin an rufe tashar jiragen Boston, an hana taron gari a Massachusetts sai da iznin gwamna. Manoman da suka tari soja a Lexington ranar 19 ga Afrilun 1775 ba su da jirgi ko ɗaya a teku.

Kawu: Kai lauya ne, aikinka ke nan. Ni makon jiya mutum biyu suka zo shagona, ɗaya Talata ɗaya Alhamis, kowa da ɗan littafin rasit ɗinsa da hatimi a aljihu. Na Alhamis ya karɓi rasit ɗin Talata ya juya shi gaba da baya, ya ce wannan ba nasu ba ne. Na biya. Ban zubar da buhun kowa a rijiya ba, ban kuma kira kaina gwarzon 'yanci ba.

Malama: Allah ya mayar da alheri. Amma tsakaninka da Allah Yaya, me ya fi ƙona maka rai, kuɗin ko yadda ba wanda ya tambaye ka?

Kawu: Duka biyun.

Auta: 😂

Kawu: Ka yi dariya da kyau. Tambayi Malamar taka batun gona. A 1763 sarki ya ja layi a duwatsun Appalachia ya ce kada Bature ya tsallaka ƙasar 'yan asalin wurin. Washington kansa, jagoran yaƙinsu da ya zama shugabansu na farko, yana da filaye a kwarin Ohio. Layin nan ya tokare masa wuya fiye da kwabo uku.

Malama: Wannan kam ban musa ba. 'Yan asalin ƙasar su suka fi kowa asara, yarjejeniyar Paris ta 1783 ko ambatonsu ba ta yi ba.

Barista: Tunda an zo nan, ni ma akwai inda nake komawa bayan Kawu. Mutum kusan miliyan biyu da rabi ne a yankuna 13, kimanin ɗaya cikin biyar bayi ne. Jefferson da ya rubuta an halicci kowa daidai ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. A Nuwamban 1775 gwamnan Bajiniya, Dunmore, ya yi shelar duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya riƙe wa sarki bindiga ya 'yantu, kuma shelar nan ta tura masu gandu da yawa cikin tawayen. Goggo, wannan fa?

Malama: Gaskiya ne ɗana, amma ka duba watan. An fara harbi a Afrilu, shelar ta zo a Nuwamba, don haka ba ita ta kunna wutar ba, itace ta ƙara. Kuma kada a yi wa Ingila wankan tsarki, jiragen Liverpool ne kan gaba a fataucin bayi a lokacin, ba ta yi dokar hana bauta a yankunanta ba sai 1833. Abin da ke hana ni cewa maganar 'yancin duk ƙarya ce, wata baiwa ce a Massachusetts da ake kira Bett. Ta ji kundin jihar na 1780 ya ce an haifi kowa ɗa. Ta tafi wajen lauya ta ce, to ni fa? A 1781 kotu ta 'yanta ta, har da diyyar sule 30, ta sauya suna zuwa Elizabeth Freeman. Waɗanda suka rubuta kalmar wataƙila ba da ita suke ba, amma da ta kama kalmar ba su iya ƙwacewa ba.

Barista: A arewa ke nan. Da aka zauna rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a Filadelfiya a 1787, sai aka ƙirga bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen rabon kujeru, shi ba ƙuri'a, ubangidansa ya samu ƙarin wakilai. Aka hana majalisa taɓa shigo da bayi kafin 1808, aka ce wanda ya gudu a mayar da shi. Duk ba a rubuta kalmar bawa ko sau ɗaya ba, kunya ta hana.

Auta: Shi ne tsarin da muka aro a Najeriya a 1979?

Barista: Shugaba mai cikakken iko da majalisu biyu muka aro, ban da wancan ɓangaren. Su ma sai bayan yaƙin basasa suka cire shi.

Kawu: Bari in ƙarasa muku. Da suka samu mulki me suka yi? A 1791 suka sa wa giyar hatsi haraji. Manoman yammacin Pennsylvania suka ƙi biya, da irin kalaman 1776 a bakinsu. A 1794 Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000 ya hau doki a gabansu. Ashe haraji ba ya zama zalunci sai in wani ne ke karɓa.

Malama: Bambancin shi ne majalisar da ta sa wannan harajin su suka zaɓe ta.

Kawu: Su wa? Mata sun zaɓa? Bayi sun zaɓa? Wanda ba shi da gona ya zaɓa? Ni ma ina da wakili, ƙanwata. Rabona da shi tun ranar da ya raba atamfa.

Auta: Goggo, bayin da suka bi Dunmore ina suka ƙare?

Malama: Da yawa agana ta kashe su a sansani. A 1783 Ingila ta kwashi kusan 3,000 daga New York, yawancinsu zuwa Nova Scotia ta Kanada, a 1792 kimanin 1,200 suka wuce Saliyo suka kafa Freetown. Cikinsu akwai Harry, bawan Washington ne da ya gudu daga gandunsa a 1776. A 1800 kamfanin da ke mulkin Saliyo ya kore shi daga garin saboda ya shiga bore. Ka san ɗaya daga cikin abin da ya jawo boren? Kuɗin ƙasa da aka ɗora musu ba da yardarsu ba.

Kawu: Haraji dai! Na faɗa muku.

Malama: Ba da yardarsu ba, Yaya. Ka karanta har ƙarshe.

Baba: Ƙarfe ɗaya saura. Wayata sai ƙara take yi a ƙarƙashin filo. Duk wanda ya makara asuba zan ji dalili.

Kawu: Allah ya huci zuciyar Baba. Auta, cire tutar nan.

Auta: Na cire Kawu. Hoton Elizabeth Freeman na sa.